JAWABI GA IYAYE DA MALAMAI KAN TOSHEWAR HANCI DA ƘARAR NUMFASHIN JARIRAI

 

Da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya buso da hazonsa, aka shiga casar masara da sussukar dawa da ɗaukar auduga, sai asibitocinmu su cika da koke iri ɗaya: jariri yana minshari, hancinsa ya toshe, maƙogwaronsa yana ƙara. Daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Ƙanƙara zuwa Dandume, maganar ke nan. Abin da muka lura da shi a wannan aiki shi ne kunne yana ruɗar iyaye. Jaririn da ƙararsa ta hana gida barci sau da yawa lafiyarsa lau, shi kuwa wanda ke cikin haɗari wani lokaci shiru yake yi, har a riƙa yabonsa da haƙuri.

Allah Ya halicci jariri yana numfashi galibi ta hanci a watanninsa na farko, domin ya iya tsotson nono yana shaƙar iska a lokaci guda. Kafar hancin nan kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. 'Yar majinar da babba ba zai ma san da ita ba, ko ɗan nonon da ya yi tumbuɗi ya biyo ta hanci, ko bushewar iskar hunturu, sun isa su sa shi ƙara da atishawa. Haka kuma numfashinsa ba ya tafiya bai ɗaya: yakan yi sauri, ya ɗan tsaya na daƙiƙa 5 zuwa 10, sannan ya ci gaba. Muddin yana kama nono da ƙarfi, yana jiƙa zanensa da fitsari, yana farkawa da kuzari, jikinsa ba zafi, to wannan ba ciwo ba ne.

Abin da ake yi masa kaɗan ne. A nemi ruwan gishirin ɗigawa a hanci wanda ake sayarwa a rufe a kemis ko ake bayarwa a asibiti, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kafa jim kaɗan kafin shayarwa, a goge abin da ya fito da tsumma mai laushi da tsabta. A yawaita ba shi nono, kaɗan-kaɗan, ana ɗora shi a kafaɗa bayan ya sha. In zai yi barci a kwantar da shi rigingine, ba rub-da-ciki ba, ba matashi, kuma kada a lulluɓe masa fuska da zani don gudun sanyi.

Abin da ba a yi masa shi ne ya fi yawa, kuma nan ne muke roƙon kakanni da ungozomomi su saurare mu da kyau, domin mun san ƙauna ce ke sa su. Kada a cusa man zafi irin su Robb da Mentholatum ko kafur a hancin jariri. Suna ƙara masa majina, kuma kafur yana iya jawo jijjiga. Kada a ɗura masa man shanu, man kaɗe ko manja ta hanci, don mai yana iya gangarawa cikin huhu ya zauna. Kada a tura tsinke da auduga. Maganin mura da tari na kwalba ba a yi shi don jarirai ba, wasunsa suna sa barcin da ke raunana numfashi. Zuma ma, duk da matsayinta da muka sani, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda hanjinsa bai yi ƙwarin da zai kare shi daga wata ƙwayar cuta da akan samu a cikinta ba.

Sai batun belu. A gidaje da yawa, da an ji maƙogwaron jariri yana ƙara sai a aika a kira wanzami. Belu ba ya toshe hanci, kuma cire shi ba ya kawar da ƙarar. Abin da yakan biyo baya shi ne zubar jinin da jikin jariri ba zai iya jurewa ba, ko ciwon da ke hana shi tsotso, ko cutar tetanus mai sandarar da jiki. Akwai jariran da ake haifa da taushin maƙogwaro, suna yin wata siririyar ƙara idan suka ja numfashi, ta fi fitowa in suna kuka ko suna kwance rigingine. Yawancinsu takan ɓace da kanta kafin su cika shekara biyu, amma likita ne zai duba ya tabbatar, ba aska ba.

Ɗakin mai jego shi ma abin dubawa ne. Ana rufe taga, ana hura wuta ko a shigo da garwashi, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa, wani lokacin ga sigarin maigida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan rabin mace-macen da ciwon nimoniya ke haddasawa a yara 'yan ƙasa da shekara 5 da hayaƙin cikin gida. A dafa ruwan wankan jego a waje, nesa da inda jariri yake. A rataya gidan sauro maimakon hayaƙi. Ranar da ake casa ko shiƙa a tsakar gida, a nisanta shi da ƙaiƙayi. Ranar suna kuma, mai mura ya yi barka daga nesa. Murar da babba zai yi yawo da ita a kasuwa tana iya kwantar da ɗan kwana 7 a asibiti.

To yaya za a gane wanda ke cikin haɗari? Da ido da agogo. A bari jariri ya natsu, ba yana kuka ba, a ɗaga rigarsa, a kalli cikinsa, a ƙirga sau nawa yake ɗagawa cikin minti ɗaya cur. Agogon wayar hannu ya wadatar. Ga wanda bai kai wata 2 ba, idan aka sami 60 ko fiye, a sake ƙirgawa. In an kuma samun haka, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11 ma'aunin 50 ne. Wannan ƙirga ita ce ma'aikatanmu ke yi a asibiti, daga tsarin kula da cututtukan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shi a shekarun 1990, kuma babu mahaifin da ba zai iya ta ba.

Bayan ƙirga, a dubi ƙasan haƙarƙari. Idan yana lotsawa ciki sosai duk lokacin da ya ja numfashi, ko kafofin hancinsa suna buɗewa, ko yana nishi a kowane numfashi, ko leɓe da harshe sun yi duhu, ko numfashin ya tsaya na daƙiƙa 20, a tashi nan take. Haka nan idan ya ƙi nono, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ya yi jijjiga, ko zafin jikinsa ya haura 37.5, ko kuwa ya yi sanyi ƙasa da 35.5. Alama ɗaya ta isa. A rungume shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ci gaba da ba shi nono a hanya in yana iya sha, a nufi asibiti mafi kusa. Daga can, in ta kama, za a tura shi Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wani bincike da aka yi a Najeriya da Kenya da Kwango, wanda Zariya na cikin wuraren da aka gudanar da shi, aka kuma wallafa a 2015, ya nuna cewa jaririn da saurin numfashi ne kaɗai alamarsa ana iya warkar da shi da maganin sha. Amma ma'aikacin lafiya ne zai auna shi ya rubuta adadin, ba a saye a teburin kasuwa ba.

Mun san tafiyar dare ta zama abin tsoro a wasu ƙauyukanmu. Saboda haka muna ba da shawara a riƙa duba jariri mai mura tun da la'asar sakaliya, yadda in akwai tafiya za a yi ta da sauran rana. Maigidan da zai yi nisa ya bar izini da kuɗin mota. Mai haihuwar fari takan ji nauyin buɗe baki kan ɗanta a gaban manya, don haka a tambaye ta, kada a jira ta faɗa. Malamai, ku ake fara kira in hankalin gida ya tashi. Ku yi addu'a, sannan ku tambaya ko yana shan nono, ko an ƙirga numfashinsa. Kalma ɗaya daga bakinku takan fitar da jariri daga ɗaki tun kafin a cika arba'in.

Wasu cututtukan masu shaƙe yara da mura suke farawa. Tarin shiƙa a jariri yakan zo da ɗaukewar numfashi ba tare da tari mai yawa ba, kuma mun ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da Yobe da Katsina a 2023. Allurar Penta da aka fara a Najeriya a 2012 tana kare yara daga waɗannan biyun, allurar nimoniya kuma ta biyo baya a 2014. Ana yin su a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta. Mako 6 kwana 42 ke nan, wato kwana biyu bayan arba'in. 'Yar mura ko toshewar hanci ba ta hana yin allurar. A kawo shi da katinsa, mu duba ƙirjinsa a lokaci guda.