Pat Summitt, Kocin da Ke Tuƙa Mota da Wanke Riguna

Yau hirarmu a kan wata mata ce daga jihar Tennessee ta Amurka, wato Pat Summitt.

A 1974, tana da shekara 22 kacal, Jami'ar Tennessee ta damƙa mata ragamar ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata. Albashinta dala 250 a wata. Ita ce koci, ita ce direban motar da ke kai 'yan wasa garuruwa, in an dawo kuma ita ke wanke rigunansu. A wancan zamanin, wasan mata bai dami kowa ba. To, 'yar gidan manoma ce da ta tashi cikin tatsar shanu da ɗaukar ciyawa, wahala ba baƙuwarta ba ce.

Ta shekara 38 a kan wannan kujera. Ta ci wasa 1,098, ta ɗauki kofin jami'o'in ƙasar sau takwas, na farko a 1987. A kakar 1998 ma, wasa 39 suka buga ba wanda ya kayar da su. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne dokarta kan karatu: ɗalibar da ta tsallake aji, benci za ta ɗumama. Duk wadda ta ƙare wa'adinta a hannunta sai da ta fita da digiri.

A 2011 likitoci suka gano tana da cutar mantuwa. Ta daure ta ƙarasa kakar wasa guda, ta sauka a 2012. Ta rasu a watan Yuni na 2016, tana da shekara 64.