Littafin Rajista a Ɗakin Haihuwa: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Shekara



Mun tsaya gabanku yau da wata buƙata wadda kuɗinta kaɗan ne amma amfaninta mai yawa. Mun saba a irin wannan taro mu yi maganar gini da gadaje da injin wuta ga asibiti, kuma duk suna da muhimmanci. Buƙatar yau ta shafi sa'ar farko ta rayuwar jariri, da yadda alƙalami da takarda za su taimaka a kiyaye ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF sun daɗe suna ba da shawara cewa a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa, a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗa ba, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa, wanda a wasu gidaje ake tatsewa a zubar, shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Wani bincike da aka yi a yankin Kintampo na ƙasar Gana kan jarirai fiye da 10,000, wanda aka buga a 2006, ya ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko idan kowane jariri ya kama nono cikin sa'ar farko.

To, ina muka kwana a nan gida? Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 42 cikin 100 na jariran Nijeriya ne aka sa a nono cikin sa'ar farko, kuma kashi 29 na 'yan ƙasa da wata 6 ne ke shan nono zalla, daga kashi 17 a 2013. Waɗannan alƙaluma na ƙasa ne baki ɗaya. Ba za su gaya mana abin da ya faru daren jiya a ɗakin haihuwar garinmu ba. Wannan sai littafin rajistar asibitin kansa.

Tun 1991 hukumomin nan biyu suka ƙaddamar da shirin asibiti mai ƙaunar jarirai, bisa matakai 10 na samun nasarar shayarwa. Da aka sabunta matakan a 2018, sai aka ƙara sharaɗin cewa kowane asibiti ya riƙa tattara bayanai yana bibiyar aikinsa da kansa. Ma'auni biyu aka sa a gaba: jarirai nawa suka kama nono cikin sa'ar farko, kuma nawa ne ba a ba su komai ba sai nono har aka sallame su. Abin da ake nema shi ne kada kowane ma'auni ya gaza kashi 80 cikin 100.

Aikin ba ya buƙatar kwamfuta kafin a fara. Layi biyu ne a littafin rajista, ungozoma ta cike su bayan kowace haihuwa, a ƙarshen wata a haɗa jimla. Amfanin yana fitowa ne idan aka rarraba jimlar. A ware haihuwar dare da ta rana, a ware waɗanda aka yi wa tiyata, a ware 'yan bakwaini. Idan haihuwar dare ce ke baya, wataƙila ma'aikaciya ɗaya ce ke riƙe da ɗakin ita kaɗai. Idan masu tiyata ne, a duba inda ake ajiye jariri kafin uwar ta farfaɗo. Idan kuwa ana ba jarirai ruwa ko zuma ko madarar gwangwani kafin nono, a rubuta wanda ya bayar da dalilinsa, don a san ko da kakanni za a zauna ko da ma'aikata. Kowace matsala da maganinta, kuma gani ya kori ji.

Sai dai akwai sharaɗi biyu. Na farko, kada alƙaluman su zama bulalar dukan ma'aikata. Ungozomar da ke tsoron takardar tuhuma za ta cike littafi da abin da shugabanta ke son gani, a wayi gari takarda ta yi kyau jariri yana kuka. Na biyu, sirrin maijego amana ne. Jimla kawai za ta fita daga asibiti, ban da sunaye.

Saboda haka muna roƙon wannan taro ya amince da abubuwa uku. Ƙungiya ta ɗauki nauyin buga takardun ƙidaya na shekara guda, bayan neman izinin hukumar asibiti. A riƙa zama duk wata 3 da shugabar ɗakin haihuwa, a duba alƙaluma, a fitar da gyara ɗaya da za a gwada kafin zama na gaba. Sannan reshen mata ya samar da masu sa kai da za su tambayi iyaye mata a ranakun allurar rigakafi na mako 6 da 10 da 14 ko har yanzu nono zalla jaririn ke sha, da abin da ya hana idan an daina. Ta wannan hanya ce za mu ji labarin matan da suka haihu a gida, waɗanda littafin ɗakin haihuwa bai san da su ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga magidanta da surukai da ungozomomin gargajiya su ba da haɗin kai, mu kuma mun yi alkawarin kawo wa wannan taro alƙaluman wata 12 baɗi, masu daɗi da marasa daɗi.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba masu jego lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.