Jawabi Kan Littafin Waƙoƙin Raino

Iyaye da 'yan uwa na Kolere. Gudun da muka yi daga Mubi a 2014 ya raba mu da tsofaffi da dama, waƙoƙin raino da na gaɗa da ke bakinsu suka bi su. To, waɗanda suka rage fa? Mu sayi littafin rubutu, mu zauna gaban kakanni, su rera, mu rubuta, kowace waƙa da sunan mai ita. Hatimi kuwa, tsohon silifa ya isa: babba ya yanka hoton kaza da reza, a dangwala a tawada. Launi, a jiƙa gangamau, zoɓo da bula, yara su shafa da kansu. Mu fara yau, jama'a.