Idan fizibil ya ƙone, kada a ɗaura waya

 

Yau zancenmu a kan mota ne, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke ce wa bashe. Ita ke kai mu kasuwa. Ita ke ɗauko hatsi da wake da albasar Galmi. Ita ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Wanda bai da mota yana shiga ta wani. Ke nan zancen ya shafi kowa.

Cikin abubuwan da ke sa mota ta kama wuta akwai haɗewar waya. Makanikai na ce mata kur-sirkwi. Bari mu ga yadda take faruwa, da yadda ake gano ta.

Yaya wuta ke tafiya cikin mota?

Batir ɗin bashe na da ƙarfin volt 12. Yana da kai biyu. Ɗaya na da alamar tarawa (+), ɗaya na da alamar ɗebewa (-). Wuta na fita ta kan tarawa, ta bi waya, ta kai ga fitila ko oda, ta yi aikinta. Sannan ta koma batir ta cikin ƙarfen motar, don kan ɗebewa a jikin ƙarfe yake ɗaure.

Ku tuna da ruwan lambu. Idan hanyar ruwa ta ɓalle, ruwa ba ya kai ga shuka, sai ya malale tun a hanya. Haka wuta take. Kowace waya na da rigar roba. Idan rigar ta yage, waya ta taɓa ƙarfe, sai wuta ta yi yanke da ƙarfi ƙwarai. Waya ta yi zafi, roba ta narke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mine ne aikin fizibil?

Fizibil ɗan ƙaramin abu ne mai siririn ƙarfe a ciki. Shi ne mai gadin waya. Idan wuta ta wuce kima, sai ya tsinke, hanya ta yanke. Ya ƙone don mota ta tsira.

Kowane fizibil na da lamba a bayansa. Lambar na nuna amper nawa yake ɗauka. A motocin yanzu, irin su Toyota Hilux, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404, siffar dabam take. Saboda haka a karanta lamba, kada a dogara da launi kawai.

Ga babban kuskure. Fizibil ya ƙone a hanya, sai yaron mota ya ɗaura waya a gurbinsa, ko takardar cikin kwalin taba mai walƙiya. Wani kuma ya sa mai lamba 30 a wurin mai 10. Fitila ta kama, kowa ya yi murna. Amma an kori mai gadi, ɓarawo na cikin gida. Yanzu waya ce za ta ƙone, ga mutane a baya, ga ciyawa, ga jarkar mai.

Yaya ake gano wurin?

Na ɗaya, a yi tambaya. Yaushe fizibil ke ƙonewa? Idan sai an taka birki, a duba wayar fitilun birki. Idan sai an kunna fitila, a duba ta fitila. Idan sai an shiga gargada, to akwai wayar da ke gogar ƙarfe. A tambayi direba ko an ƙara wani abu kwanan nan, kamar rediyo, ko fitila, ko wurin cajin salula. Sau da yawa laifin na nan.

Na biyu, a samu ƙwan fitilar birki. Za ku ga an rubuta 12V 21W a jikinsa. A haɗa masa waya biyu. A cire fizibil ɗin da ya ƙone, a sa bakin wayoyin nan biyu a gurbinsa. A murɗa makulli, a kunna abin da ake zargi. Idan akwai haɗewa, ƙwan zai yi haske sosai. Ba abin tsoro, don ƙwan na tare yawan wutar, waya ba za ta ƙone ba.

Na uku, mutum ɗaya ya tsaya yana kallon ƙwan. Ɗaya kuma ya riƙa cire abubuwan da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya, yana motsa wayoyi a hankali. Inda haske ya ragu ko ya mutu, nan ciwon yake.

Wuraren da aka fi samunsa su ne: inda waya ke ratsa ƙarfe tsakanin inji da wurin direba, gindin ƙofa, kusa da bututun hayaƙi, da ƙarƙashin baya inda waya ke zuwa fitilun baya. A duba kuma cizon ɓera. Motar da ke kwana da hatsi ba ta rasa ɓeraye.

Na huɗu, gyara. A fara kwance kan batir mai alamar ɗebewa. A yanke wurin da ya lalace, a haɗa waya mai kaurin ta farko. A naɗe ta da baƙar robar masu gyaran wuta, a ɗaure ta nesa da kaifin ƙarfe. Sannan a sa sabon fizibil mai lamba daidai da tsohon. Idan ya sake ƙonewa, a kai wa mai gyaran wutar mota. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ku kuma matafiya, idan kun ji ƙaurin roba, kada ku ji kunya. Ku yi magana da ƙarfi. Direba ya tsaya, ya kashe mota, mutane su sauka su yi nesa. Idan wuta ta kama, a zuba rairayi. Ruwa ba ya kashe wutar mai.

Direbobi, ku ajiye fizibil na kowace lamba cikin mota, tare da ƙwan gwaji. Kuɗinsu kaɗan ne. Wanda ya ji wannan ya gaya wa wanda bai zo ba.

Allah ya kai mu gida lafiya.