Gwajin Manhaja da Makwafi: Darasi daga Batsari da Safana



Gabatarwa

Hausawa suna cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Manufar wannan lacca ita ce a yi bayanin yadda masu gina manhajar kwamfuta suke gwada aikinsu kafin su miƙa shi ga jama'a, sa'an nan a nuna inda gwajin yakan gaza, ta yin la'akari da abin da ya sami mutanen Batsari da Safana a shekarar 2021.

Ma'anar makwafi

Manhajar zamanin nan ba ta cin gashin kanta. Alal misali, na'urar POS da ake cirar kuɗi da ita a kasuwa ba ta san abin da ke cikin asusun kowa ba. Saƙo take aikawa ta intanet zuwa babbar kwamfutar banki, wadda za a riƙa kira tasha a nan, ta jira amsa. To, mai gina irin wannan manhaja yana bukatar ya gwada ta sau ɗaruruwa a yini, kuma ba shi yiwuwa kowane gwaji ya taɓa kuɗin mutane na gaske. Saboda haka sai ya ƙera wata 'yar manhaja da za ta tsaya a madadin tashar, tana amsawa kamar ita. Wannan shi ne makwafi.

Makwafi iri biyu ne. Na farko ana iya kiransa ɗan amshi, domin kamar 'yan amshin makaɗi yake: abin da aka ɗora masa shi zai maimaita. In an tambaye shi kuɗin da ke cikin asusu, kullum zai ce naira dubu goma. Na biyu kuwa ɗan sa-ido ne, watau bayan amsawa yana kuma lura da yadda aka tambaye shi: sau nawa, da wane tsari, me ya riga me. In manhaja ta aika da umurnin cire kuɗi sau biyu alhali sau ɗaya ake so, nan take zai tona ta. Tim Mackinnon da Steve Freeman da Philip Craig, masana daga Ingila, su suka gabatar da wannan dabara ta biyu a shekarar 2000, daga baya kuma Martin Fowler ya yi rubutu yana rarrabe ta da ta farko. A yau akwai kayan aiki irin su WireMock da aka yi musamman domin kwaikwayon tashoshin intanet, kuma kwamfuta ce take gudanar da gwaje-gwajen da kanta duk lokacin da aka canja wani abu.

Abin da ya faru a 2021

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne a yammacin Jihar Katsina, suna maƙwabtaka da dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka daɗe suna fakewa. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, domin a hana ɓarayin daji sadarwa. Sai a watan Disamba aka fara mayar da su. A tsawon wannan lokaci duk manhajar da ta dogara ga tasha mai nisa ta zama kurma a yankin. Mai son tura kuɗi ko duba asusu dole ya yi tafiya zuwa garin da layi bai yanke ba, a kan hanyar da ita kanta ba ta da aminci.

Anan ne aibin makwafi yake bayyana. Makwafi ba ya sanin komai sai abin da mai ƙera shi ya hango. Wanda ya zauna a ofis a Ikko ko Abuja, inda layi yake da ƙarfi, galibi makwafi mai ladabi zai ƙera, wanda ke amsawa cikin ƙiftawar ido. Manhajarsa za ta ci kowane gwaji, amma ba a taɓa tambayarta yadda za ta yi ran da tasha ta yi shiru ba.

Shirun ma kashi-kashi ne. Akwai katsewa ɗungurungum irin ta 2021. Akwai jinkiri, inda amsa za ta iso bayan an fid da rai. Mafi haɗari shi ne saƙo ya isa banki, a cire kuɗi, amsa kuwa ta ɓace a hanya. Na'ura ta ce ba a biya ba, mai hatsi ya hana kayansa, mai saye ya sake gwadawa, a cire masa sau biyu. Ga manomin da ya sayar da buhu guda domin ya sayi magani, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Gyara

Maganin yana cikin makwafin kansa. Ana iya umurtar ɗan amshi ya yi jinkiri, ko ya yanke amsa a tsakiya, ko ya yi gum. Sa'an nan a sa ɗan sa-ido ya tabbatar cewa manhaja ta ba kowane ciniki lamba tasa, ta yadda ko an maimaita saƙo banki zai gane shi, ba zai biya sau biyu ba. Haka kuma a duba ko tana ajiye bayani a cikin na'ura har layi ya dawo, kuma tana gaya wa mai aiki da ita gaskiyar halin da ake ciki. Bugu da ƙari, tashar gaske takan canja tsarinta makwafi bai sani ba, don haka wajibi ne lokaci-lokaci a gwada da ita kanta.

Kammalawa

Ma'aikacin gwamnati da zai karɓi manhajar biyan albashi, ko ta rajistar manoma, ko ta asibiti daga hannun ɗan kwangila, ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Ya isa ya ce a nuna masa gwajin da aka yi mata babu layi, da gwajin jinkiri, da na ɓacewar amsa, kafin ya sa hannu. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta kuwa, musamman wanda ya tashi a wannan yanki, ya san irin shirun da layi yake yi fiye da wanda bai taɓa zuwa ba. Wannan sani shi ya kamata ya zuba a cikin makwafin da zai ƙera.