Amsoshin Wasiƙunku: Maƙoƙo Da Maganar Gishiri Mai Aidin

A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana guda, wato gishiri, don haka muka ga gara mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Ta farko daga wani manomi ce a wani ƙauye na kan tsauni a Jihar Filato. Ya ce wuyan maiɗakinsa ya soma kumbura tun bayan haihuwarta ta biyu, kamar yadda na mahaifiyarta ya yi. Mutanen gari wasu sun ce gado ne, wasu sun ce ruwan rijiyarsu ne, wani wanzami kuma ya ce a kawo ta ya yi mata sakiya. Yana tambaya mece ce gaskiyar lamarin.

To Malam, mun gode da wasiƙarka, Allah Ya ba ta lafiya. Kafin komai, don Allah kada ka bari a sa mata aska a wuya. Wannan kumburi ba ƙurji ba ne da za a huda ruwa ya fita. Nama ne mai jijiyoyin jini da yawa, in aka yanka ana iya rasa rai nan take.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da maƙoƙo. A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci suna kiransa tayirod. Aikinsa shi ne haɗa wani sinadari da ke tafiyar da girman jiki, da ɗuminsa, da kuzarinsa, da kuma ginuwar ƙwaƙwalwa. Ba ya iya wannan aiki sai da wani abu da ake kira aidin, wanda jiki ba ya yin sa da kansa, sai dai ya same shi a cikin abinci. In aidin ya yi ƙaranci, sai naman nan ya dinga ƙara girma don ya kamo ɗan abin da ke yawo cikin jini. Girman nan shi ne kumburin da kake gani. Ya fi kama mata, musamman lokacin ciki da shayarwa, domin a lokacin bukatar mutum biyu ce a jiki ɗaya.

Su masu cewa ruwan rijiya ne, sun kusa da gaskiya amma ba su kai ba. Ba wani mugun abu ne a cikin ruwan ba, abin da ya kamata a samu ne babu. Aidin a cikin ƙasa yake, kuma shekara da shekaru ruwan sama da zaizaya suna wanke shi zuwa teku, musamman a wuraren tsaunuka da inda ake yawan ambaliya. Ƙasar da ba ta da shi, dawar da aka noma a kanta ba ta da shi, ruwanta ba shi da shi, nonon saniyar da ta yi kiwo a wurin ma haka. Shi ya sa za ka ga uwa da 'ya da jika duk da maƙoƙo, a ce gado ne, alhali tukunya ɗaya ce ta ciyar da su. Mutanen bakin teku masu cin kifin teku ba su cika fama da shi ba. A Nijeriya an daɗe da sanin wasu sassan Filato da Binuwai da Sakkwato da wannan matsala. Wani abin da ke ƙara ta'azzara shi kuma shi ne yawan cin rogo mai ɗaci wanda ba a jiƙa shi ya tsima aka shanya shi sosai ba, domin yana ɗauke da abin da ke hana naman wuyan amfani da ɗan aidin ɗin da ya samu.

Amma Malam, ka saurara da kyau a nan. Kumburin wuya shi ne abin da ido ke gani, ba shi ne babbar hasarar ba. Babbar hasarar tana cikin ciki. Ƙwaƙwalwar jariri tana ginuwa ne tun yana cikin mahaifiyarsa zuwa shekarunsa na farko. In uwa ba ta da isasshen aidin a wannan lokaci, ana iya samun ɓari, ko a haifi ɗa babu rai. In abin ya yi tsanani, yaro ya tashi wada, ko kurma, ko bebe, ga raunin hankali. Waɗannan su ne kaɗan. Masu yawan su ne yaran da za ka gani lafiya lau, suna wasa, suna cin abinci, amma an kai su makarantar allo ko ta boko karatu ya ƙi zama. A yi ta dukan yaro ana ce masa daƙiƙi, alhali tun kafin a haife shi aka rage masa rabonsa. Abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a wannan lokaci ba ya dawowa, ko da an ba shi aidin daga baya. Tunda maiɗakinka tana cikin shekarun haihuwa, maganar ba ta wuyanta kaɗai ba ce.

Ka kai ta babban asibiti a duba ta. Ba kowane kumburin wuya ne na rashin aidin ba. Akwai wanda naman ne ke aiki fiye da kima, sai ka ga mutum yana ramewa, hannu na rawa, zuciya na bugawa da sauri, idanu sun firfito. Akwai kuma wanda ƙari ne. Likita ne zai bambance. Maƙoƙon da ya daɗe ya yi girma, gishiri ba ya narkar da shi, wani sai an yi aiki. Kuma kada wani ya ce maka ka sayi aidin ɗin nan na kwalba da ake shafa wa ciwo ka ɗiga mata a ruwa ko a miya. Na shafawa ne, shan sa guba ne.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce mai awon gishiri a kasuwannin ƙauye a Jihar Sakkwato. Ya ce ma'aikata sun zo rumfarsa, suka ɗiga wani ruwa a kan gishirinsa. Na buhu ɗaya ya rine ya koma shuɗi, na ɗaya buhun kuwa ko gezau, suka ce kada ya sake sayar wa mutane shi. Ya ce shi da kuɗinsa ya saya, kuma mai arhar ya fi tafiya. Sannan ya ce ana ta raɗe-raɗi a kasuwa wai abin da ake sawa a gishirin maganin hana haihuwa ne.

Alhaji, bari mu fara da raɗe-raɗin. Ka dai ji abin da muka gaya wa Malam yanzu: rashin aidin ne ke jawo ɓari da mutuwar jarirai a ciki. Abin da ake sa shi don ciki ya zauna, yaya za a yi ya zama na hana haihuwa? Kuma ba da mu aka fara ba. Ƙasar Suwizalan, wadda tsaunukanta suka yi suna da maƙoƙo, ta soma sa aidin a gishiri tun 1922, Amurka ta bi a 1924. Shekara ɗari ke nan suna ci, su da 'ya'yansu.

Yadda abin ya iso mu kuwa, a 1990 shugabannin ƙasashe suka yi babban taro a kan yara a Majalisar Ɗinkin Duniya, a birnin Niyok, suka ɗauki alkawarin kawar da cututtukan rashin aidin. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, a shekarar da aka kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, wato NAFDAC. Binciken da aka yi a wannan shekara ya nuna kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba suna da maƙoƙo, wato mutum ɗaya cikin biyar.

Me ya sa gishiri, ba suga ko mai ba? Domin gishiri ne kaɗai abin da sarki da talaka suke ci kullum, kuma kusan daidai wa daida. Mai kuɗi ba ya ninka gishirin miyarsa don yana da hali. Abin da jiki ke bukata kuma ɗan mitsitsi ne: babban mutum maikirogiram 150 a rana, mai ciki ko mai shayarwa 250. In ka tara na dukan rayuwar mutum, da ƙyar ya cika ƙaramin cokalin shayi. Sai dai jiki ba ya ajiye shi da yawa, dole a riƙa samunsa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ma'aunin da aka ɗora wa kamfanoni shi ne miligiram 50 a kowane kilo na gishiri a masana'anta ko tashar jirgin ruwa, kada ya gaza 30 a kasuwa, domin a samu aƙalla 15 ya isa tukunya. Wato a buhu mai kilo 25, aidin ɗin da ke ciki bai kai giram biyu ba. Ba ya canza ɗanɗano, ba ya canza launi, kuma abin da yake ƙarawa a kan farashi bai taka kara ya karya ba.

Abin ya zo wa Nijeriya da sauƙi ta wani gefe, domin yawancin gishirinmu daga waje ake shigo da shi ta tashoshin jiragen ruwa, ta hannun manyan kamfanoni 'yan kaɗan. In an tsare waɗannan ƙofofi, an tsare mafi yawa. Cikin 'yan shekaru gidajen da ke amfani da gishiri mai aidin suka haura kashi 90 cikin 100, maƙoƙo ya ja baya ƙwarai, har a 2005 aka shaida Nijeriya a matsayin ƙasar farko a Afirka da ta cika wannan sharaɗi. Da yawanku za su tuna zamanin marigayiya Dora Akunyili a NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da aka matsa wa wannan aiki lamba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2008 ya samu aidin a gishirin kusan kowane gida, amma kimanin rabin gidajen ne kawai nasu ya kai ma'aunin da ake bukata. Ina sauran ya tafi? Wani kaso tsakanin masana'anta da tukunya ya salwanta, kuma a nan ne maganar ta zo kanka, Alhaji. Aidin ba ya son laima, ba ya son rana da zafi. Buhun da aka buɗe aka juye a daro, ya wuni a rana a kasuwar yau, gobe a ɗaure shi a kai wata kasuwar, jibi wata, kafin ya ƙare ƙarfinsa ya ragu. Da damina in buhu ya jiƙe, aidin yana bin ruwan ya gangara gindin buhu, na sama ya zama fanko. Mai saye ba shi da hanyar ganewa, ya biya kuɗin gishiri mai aidin ya tafi da wanda babu.

Shi kuma buhun da bai rine ba, mai yiwuwa irin gishirin masana'antu ne da ake shigowa da shi don gyaran fatu da makamantansu, wasu su karkatar da shi kasuwa saboda arha. Ko kuma na fasa-ƙwauri ne. Gaskiya ne da kuɗinka ka saya, kuma hasara ba daɗi. Ka mayar wa dilan da ya sayar maka, ko ka nemi masu harkar fata su saya. Nan gaba ka duba buhu kafin ka biya: a ga an rubuta mai aidin ne, a ga lambar rajistar NAFDAC da sunan kamfani. Ka ɗora buhunanka a kan katako, kada su taɓa ƙasa, a inuwa. Ka riƙa ɗibar na ciniki kaɗan-kaɗan kana ɗaure bakin buhu, tsohon kaya ya riga sabo fita. In da hali ka fi ba da ƙarfi ga ƙananan ƙunshi na leda da aka like tun daga kamfani. Mu a ganinmu, matar da ke sayen ƙullin gishiri a wurinka duk ranar kasuwa amana ta ba ka, ko da ba ta san sunan abin ba.

Wani zai ce, to gishirinmu na gargajiya fa? Kantu da beza da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma, da mangul, da wanda mata ke dafawa a Keana da Awe a Jihar Nasarawa, duk sana'o'i ne masu tarihi, ba mu raina su ba. Sai dai ɗan aidin ɗin da ke cikinsu ba abin dogaro ba ne sai in an ƙara musu. Ko na teku ma haka yake, wajen shanya shi abin ke gudu. Mai son ɗanɗanonsu ya ci, amma gishirin miyar kullum ya zama mai aidin, balle in akwai mai ciki ko ƙananan yara a gidan. Makiyaya ma su lura, domin dabbobi na kamuwa: tunkiya ta yi ta ɓari, ko ta haifi ɗa raunanne da kumburarren wuya.

Ku kuma iyayenmu mata, kada a bar gishiri a buɗe a gefen murhu. A zuba shi a roba ko kwalba mai murfi, a ɗiba da busasshen cokali. Kada a wanke shi, in an wanke an zubar da abin da ake nema. In an sa shi dab da sauke tukunya ya fi.

Wasiƙa ta uku gajeriya ce, daga wata baiwar Allah a Zariya mai fama da hawan jini. Likita ya ce ta rage gishiri, ga shi kuma ta ji ana yabon mai aidin, wanne za ta bi? Hajiya, ki bi likitanki. Ba a ce a ƙara cin gishiri ba, cewa aka yi ɗan wanda za a ci ya zama mai aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya da burodi. In an hana ki gishiri gaba ɗaya, ki tambayi likitan ta ina za ki samu aidin, musamman in kina da ciki ko kina shayarwa.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wasiƙun da suka zo a kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu muna riƙe da su, in Allah Ya kai mu mako mai zuwa da su za mu fara. A ci gaba da rubuto mana, a kuma riƙa faɗin gari da ƙaramar hukuma. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.