Duwatsun Da Muke Kwana A Gindinsu: Jawabi Kan Fita Yawo Da Iyali



 An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan shawarar nan da kwamitin matasa ya kawo, wato a riƙa fita da yara yawon duwatsu lokacin hutun makaranta. Mu ba 'yan boko ba ne, tireda muka sani da buhun hatsi, don haka a yi mana afuwa in harshe ya karkace.

Jama'a, abin da ya sa muka goyi bayan shawarar nan shi ne wata tambaya da muka yi wa yaranmu a gida. Muka nuna masu duwatsun da ake hangowa daga nan Manchok, muka ce su faɗi sunan ko da guda ɗaya. Shiru. Amma ka tambaye su 'yan ƙwallon Ingila, sai su jero maka goma sha ɗaya har da na benci. Yaran nan a nan aka binne cibiyarsu, wasunsu ma har iyayensu a nan aka haife su, tun zamanin da jirgin ƙasa ke tsayawa a tashar garin nan kan hanyarsa daga Kafanchan zuwa Jos. Layin dogon nan tun 1927 ya iso Kafanchan, kuma shi ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu. To, kusan shekara ɗari muna kwana a gindin dutse, ba mu san hanyar hawansa ba.

Waɗanda fatauci ya kai mu kudu mun ga yadda wasu ke yi da nasu. A Abeokuta an yi wa dutsen Olumo matakala, tsoho da yaro kowa na hawa. A Legas, can Lekki kusa da bakin teku, akwai gandun da aka keɓe tun 1990, an shimfiɗa hanyar katako a kan fadama, har da wata gada mai lilo a saman itatuwa mai tsawon mita 401, mutane na biyan kuɗi su kai iyalansu. Mu ba mu da teku, amma abin da Allah ya ajiye mana a nan bai gaza nasu ba. Bambancin kawai, namu ba a yi masa matakala da allon nuna hanya ba, saboda haka sai mun yi amfani da hankali.

Shawararmu ita ce a bi abin daki-daki. Ƙananan yara, 'yan shekara biyar zuwa takwas, ba su da abin yi a kan dutse. A fita da su bayan gari da sassafe, a bi hanyar gona har gindin tudu, a nuna masu ɗorawa da kaɗanya da giginya, su ga yadda acca take a gona kafin ta zo kasuwa a mudu. Tafiyar awa guda, zuwa da dawowa, ta ishe su. Nan iyaye mata ma za su iya zuwa ba tare da wahala ba.

Na biyu shi ne Matsirga, ruwan nan mai zubowa da ke kusa da Madakiya, bayan Kafanchan kaɗan. Daga duwatsun Kagoro ruwan yake tasowa, ya zo ya faɗo daga tsayin da ya kai mita 25 zuwa 30. Mota na kai mutum kusa, sauran 'yar tafiyar ƙasa ce. Wuri ne mai kyan gani ƙwarai, in rana ta haska feshin ruwan har bakan gizo ake gani. Amma fa a nan ne muka fi jin tsoro. Dutsen da ruwa ke bi kullum yana da gansakuka, santsinsa ya fi na kuɓewa, kuma yaro in ya ga ruwa hankalinsa tafiya yake. Ba wanka, ba leƙawa daga baki, ba ɗaukar hoto da waya a kan gaɓa. Kowane babba ya riƙe yara biyu ko uku da ya san sunayensu, ya ƙirga su a zuwa, ya ƙirga su a dawowa. Da damina kuwa, musamman watan Agusta, a haƙura da wurin gaba ɗaya.

Na uku, dutsen Kagoro kansa, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku. Wannan na samari ne da 'yan mata da suka kai shekara goma sha biyu zuwa sama, sai manya masu sauran ƙarfin gwiwa. Mai hawan jini ko ciwon asma ya nemi shawarar likita tukuna, kada girman kai ya kai shi inda sai an sauko da shi a kafaɗa.

To, a nan muke so dattawa su ba mu kunnuwansu, don nan ne gundarin maganar. Duwatsun nan suna da masu su. A kan dutsen nan kakannin mutanen Kagoro suka zauna kafin zuwan Turawa, kuma bikinsu na Afan da suke yi ranar 1 ga Janairu kowace shekara, kalmar ma a harshensu dutse take nufi. Haka Attakar suke da nasu, haka mutanen Moro'a da muke zaune a ƙasarsu, haka Ganawuri can ɓangaren Filato. Akwai kogo da kurmi da tsofaffin kufai da suke girmamawa, akwai inda ba su yarda baƙo ya taka ba. Ba sai mun yarda da dalilinsu ba kafin mu kiyaye. Ai mu ma ba ma son a shigo mana masallaci da takalmi.

Mun taɓa yin kuskuren nan, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Shekarun baya mun fita da samari bakwai ba tare da ɗan jagora ba, muka ce ai dutse ne, ga shi muna gani. Wajen saukowa hanya ta ɓace mana, muka ratsa ta tsakiyar gonar accar wani dattijo ana gab da girbi, yaran kuma suka tsinke masa lemo. Ya fito ransa a ɓace, mutane suka fara taruwa. Allah ya taimake mu akwai wata mata a cikinsu da ke sayen gishiri da manja a shagonmu, ita ta ce ta san mu. Muka ba da haƙuri, muka biya abin da aka ɓata, dattijon da kansa ya haɗa mu da jikansa ya fitar da mu hanya. Ku duba fa, a ƙasar da ta ga rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, lemo biyar na iya zama abin da ba a fata. Tun daga ranar ba mu sake hawa ba sai ta ƙofa.

Ƙofar kuwa sananniya ce. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, wakilanmu su je gun mai unguwa ko dagacin wurin, su gaishe shi, su faɗi yawanmu da ranar zuwanmu, su roƙi a ba mu ɗan gari ya yi mana jagora, a kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki irin namu na kasuwa ba. Shi ya san inda amya take, ya san ramin da kububuwa ke kwana, ya san gonar da ba a ratsawa. Shi ne kuma zai gaya mana gaskiya in daji ba lafiya. Kowa ya san halin tsaro da yankin nan ya shiga a shekarun nan, ga hare-hare ga satar mutane. In masu wuri ko jami'an tsaro suka ce a dakata, an dakata ke nan, ko da an riga an dafa guzuri.

Wata riba kuma da ba a lissafa ta da kuɗi: ɗan jagoran nan da yaranmu za su wuni tare, su ci abinci a kwano ɗaya, su koyi gaisuwa da harshensa. Gobe in sun haɗu a tasha ba baƙin juna ba ne.

Sauran bayani gajere ne. Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙasa ta bushe, ciyawa ta kwanta, sai dai a kula da masu ƙona daji, in an hango hayaƙi a gaba a juya. A tashi bayan sallar asuba, a sauko kafin la'asar, kada magariba ta riski kowa a sama. Takalmi mai rufi, ban da silifas. Kowa da gorar ruwansa da rigar sanyi, don iskar hunturu a can sama ba irin ta cikin gari ba ce. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis, da bandeji, da man shafawa saboda kaushi. Kada yaro ya cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A hana shi motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ledar ruwa da ta biskit kuma kowa ya dawo da tasa a aljihu.

Abin da muke roƙon taron nan ya amince da shi yau abu biyu ne. A naɗa mutum huɗu, dattijo ɗaya, uwa ɗaya, matasa biyu, su kai gaisuwa ga masu ƙasa kafin hutun Disamba. Sannan a fara da fitar ƙananan yara ta bayan gari, mu ga yadda za ta kaya kafin a yi maganar Matsirga. Kuɗin mota da na ɗan jagora, mu 'yan layin hatsi mun ɗauki rabi, sauran rabin muna sauraron 'yan tireda da mahauta, kuma ma'aji na nan zaune da littafinsa a bakin ƙofa.